Rabin Kitso

Ba zan tsaya ba da labarin yadda na bar gida ba, don kowa a ƙauyenmu da ke bayan Shanono ya san shi, wasu ma sun fi ni sani. Sunana Saude. Na gama sakandare a Bici, na dawo na zauna ina kallon gonar Baba tana ƙara tsukewa tsakanin gonakin ƙannensa, har wani ejan mai suna Malam Habu ya zo da maganar aikin gida a Saudiyya. Ya ce akwai hanya ta ƙasa, ta Chadi da Sudan, wadda ta fi jirgi sauƙi. Inna ba ta so ba. Na tafi.

A Maiduguri ya karɓe fasfo ɗinmu duka, wai don kada su ɓata. Ni dai na miƙa nawa da hannu biyu. Wata Hajiya Lami da ke cikin tafiyar, wadda ta taɓa zuwa sau biyu ana dawo da ita, ta dube ni ta yi dariya har haƙorin Makkanta ya fito.

"'Yar boko, daga yau ƙafarki tana aljihunsa. Inda ya taka nan za ki taka."

Na ɗauka wasa take yi.

A Injamena aka zuba mu a wani gida mai ɗaki ɗaya da rumfar kwano, muka yi ta jiran babbar mota mai sanyi da aka yi mana alkawari tun daga Kano. Abin da ya zo a ƙarshe akori-kura ce, an jibga mata buhuna, mu kuma aka ce mu hau saman buhunan. Ana shirin tashi wani ejan daban ya kawo wata mata ya danƙa wa Malam Habu, kamar yadda ake ba da saƙo a tasha, ya juya ya tafi.

Doguwa ce, baƙa, da 'yar siririyar tsaga a kowane kunci. Za ta girme ni da kamar shekara goma. Kayanta ƙullin zane ne da wata koriyar buta da ta ɗaure wa igiya ta rataya a wuya. Aka yi mata Hausa, ta yi murmushi. Wata ta gwada Barbarci, wata Fulatanci, direba ya yi mata Faransanci, ni ma na kawo ɗan Turancina na makaranta. Duk murmushin nan dai. Da ta buɗe baki ta yi nata yaren, babu wanda ya kama ko kalma. Sai da lokacin salla ya yi muka ga ta zuba ruwa a butar nan ta yi alwala irin tamu, ta shiga sahu kusa da ni.

Ban san sunanta ba. Na yi ta cewa zan tambaya in mun sauka wuri mai natsuwa. Yaya nake ce mata, ita kuma in za ta kira ni sai ta ja gefen mayafina.

Da muka bar kwalta muka hau burji, cikina ya juya. Na yi ta amai a gefen mota, Hajiya Lami tana faɗa wai zan ɓata mata atamfa. Yaya ta kwance bakin zanenta ta ciro tsamiya, ta ɓare, ta sa mini a baki, ta kwantar da kaina a cinyarta. Haka muka yi ta tafiya. A wani wuri na hango wata mata a gonar dawa tana korar tsuntsaye da gwangwani, tsayuwarta sak ta Inna, sai na fashe da kuka. Yaya ta rufe mini ido da tafin hannunta har muka wuce gonar.

Mun doshi Abashe taya ta yi faci. Aka sauke mu a bakin wata rijiya, direba da yaronsa suka shiga liƙi. Muna zaune a inuwa Yaya ta ja ɗankwalina. Da ta ga halin da kaina yake ciki ta yi tsaki mai tsawo, irin wanda ba ya buƙatar tafinta. Ta zaunar da ni tsakanin gwiwoyinta, ta karyo ƙaya ta mai da ita kibiya, ta fara tsaga.

Ban taɓa ganin irin kitson ba. Ba shuku ba ne, ba zane ba. Daga saman kunne yake tashi, ya yi ta naɗewa kamar gidan dodon koɗi, sannan jelar ta sauko ƙeya. Ta zame nata ɗankwalin ta nuna mini, irinsa ne a kanta, biyu, dama da hagu. Hannunta da sauƙi, ba ta ja. Tana yi tana 'yar waƙa ta hanci. A nan ne na nuna cikinta, na yi alamar goyo, ina tambaya. Ta miƙa hannu ta auna tsayin yaro daidai ƙugu, ta sake aunawa daidai gwiwa, sannan ta nuna yamma da haɓa.

Ta gama ɓangaren dama ke nan direba ya danna oda. Ta shafa hagun da ya rage a tsefe, ta juya yatsa a iska, wato sai an jima. Hajiya Lami ta ce, "To, amaryar rabi, a hau mota."

Abin da ya biyo baya ba na iya faɗarsa a jere. Na san mun zo gangaren wani busasshen rafi da gudu. Na san na ji ƙara kamar ta bindiga, tayar da aka liƙe ce. Na ga sama a ƙasa. Akwai hannu da ya tura ni da ƙarfi ta baya, ban sani ba ko turawa ce ko faɗuwa ce, har yau ina juya wannan a raina. Sai yashi a bakina, da buhuna, da salati.

Abu na farko da na ji sosai murya ce a kaina tana cewa, "Sannu 'yata, kada ki motsa, sannu." Da Hausa. Na ɗauka na mutu, ko kuma duk tafiyar mafarki ce ina gida.

Ashe akwai wani ƙauye a hayin rafin, Zango suke ce masa. Hausawa ne, jikokin mutanen da suka fito aikin hajji a ƙafa tun zamanin da, suka yada zango a nan ba su ƙara gaba ba. Hausarsu ta tsufa, ta sha Larabci, amma ana ji. Duk tsohuwar garin Hajja ake ce mata, alhali babu wadda ta taɓa ganin Ka'aba. Wai tunda kakanni sun yi niyya, har yanzu a hanya suke.

Su suka ɗaga motar. Mutum uku aka ciro babu rai, maza biyu da suka hau a Injamena, sai Yaya. Ni targaɗe kawai na yi a hannu, da ƙujewa. An kai mu wani gida, mai ɗori ya ja hannun, ban ma yi ihu ba. Ina zaune a jikin bango kaina babu ɗankwali, ban san inda ya faɗi ba, sai ga wata tsohuwa ta fito daga bayan ɗaki hannunta a jiƙe har gwiwa. Hajja Kaltume, ita ke wankan gawar mata a garin. Ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta zo kaina ta tsaya. Ta kama haɓata ta juya kaina gefe.

"Alhamdu lillahi. Ga tata nan. Tashi, 'yata, ki zo ki yi sallama da 'yar'uwarki kafin mu rufe fuska."

Na ce, "Hajja, ba 'yar'uwata ba ce. Ko sunanta ban sani ba."

"Yanzun nan na tsefe irin wannan a kanta da hannuna. Tun ina yarinya matafiya ke wucewa ta nan, ban taɓa ganin kitson nan ba sai yau, a kai biyu. Kitson gida ne."

"Ita ta yi mini ɗazu, a bakin rijiya. Ba ta ma gama ba."

Tsohuwar ta dubi ɓangaren da ke tsefe. Sai ta ce, "To wa ya fi ki kusa da ita a nan? Nuna mini shi in je."

Na tashi na bi ta.

Fuskar Yaya ba ta ji ciwo ba. Na ce mata sannu, don ita ce kalmar da na san ta gane. Na ce na gode da tsamiya. Aka ja likkafani.

Bayan la'asar maza suka dawo daga maƙabarta, sai na ga garin gaba ɗaya ya fito. Kowane gida da tabarmarsa a ka. Aka shimfiɗa su a fili, ƙarƙashin wata babbar tsamiya, maza a gabas, mata a yamma. Masu shago sun rufe, masu gona sun dawo. A gaban kowane ɓangare aka shimfiɗa sababbin tabarmi daban, biyu wajen maza, ɗaya wajen mata.

Hajja Kaltume ta ce mini, "Wannan tabarmar dangi ce. Kakana da ya taso daga ƙasar Kano da jakinsa, a rafin nan matarsa ta rasu. Mutanen da ba su jin yarensa suka binne ta, suka zauna da shi har uku. Shi ya sa ya kasa wucewa. Tun daga nan, duk baƙon da ya mutu a iyakarmu namu ne, sai mun yi masa zama. In yana da nasa, nasa ya hau tabarma a gaishe shi. In ba shi da kowa, mu bar ta haka, mu zauna a gefenta."

Na leƙa wajen maza. Tabarmi biyu, babu kowa a kai. Mai gari yana zaune a ƙasa kusa da su. Mutum ya zo, ya durƙusa, ya yi addu'a, ya rasa wanda zai ce wa ya haƙuri, ya tashi. Ban taɓa ganin abin da ya ba ni tsoro kamar tabarmin nan biyu ba, har motar da ta kife. Na ga tawa a cikinsu. Na ga Inna a gida tana cewa Saude ta samu wuri ta manta da mu, alhali ni ina ƙarƙashin yashin wani rafi.

Na hau ta ukun na zauna.

Washegari da hantsi wata motar ta zo. Malam Habu ya aiko a kira ni, na ƙi tashi, sai ya zo da kansa har bakin tabarmin mata, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Ke, ɗauko kayanki. Kafin 'yan sandan ƙasar nan, jandarmomi, su zo da tambayoyi mun yi nisa."

Na ce, "Malam, a bari a yi uku mana."

"Ukun wa? Uwarki ce ko ubanki? Ni kaina ban san daga inda aka kwaso ta ba."

"To ba ni fasfo ɗina."

"Fasfo yana gaba, wajen mutumina na kan iyaka. Mai so ya biyo ni."

Ƙarya yake, ina ganin tudun jakar a ƙarƙashin rigarsa. Hajiya Lami ta tsuguno kusa da ni, goshinta ɗaure da tsumma. Wannan karon ba ta yi dariya ba.

"Saude, ki ji ni. Wadda ta mutu ta huta. Ke kika baro uwa da fata. In motar nan ta tashi, ke da Saudiyya sai a hoto. Kuma ni na sani, ba makoki ne ya riƙe ki ba, tsoron mota ne."

Ba ta yi ƙarya duka ba. Ko ƙarar injin da nake ji daga nesa tsoro take ba ni. Amma na dubi tabarmar da nake kai, na ga yadda za ta koma in na tashi. Na ce, "Hajiya, in na tafi wa za a gaisar?"

Sai ta ciro ɗankwalin da ke cikin jakarta, sabo, ta ɗaura mini a ka, ta gyara zama, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ya haƙuri, Saude? Ya ƙarin haƙuri? Allah ya ji ƙanta."

Na ce, "Amin, Hajiya. Allah ya ba da lada."

Ta miƙe ta tafi ba ta waiwayo ba. Na ji motar ta tashi, na ji ta haye rafin, na ji sautin ya ƙare. Hajja Kaltume ta matso ta zauna a kan bakin zanena, wai don kada iska ta ɗauke ni.

Ban san labari yana tafiya haka a daji ba. Mutane suka yi ta zuwa daga ƙauyukan da ban ga alamarsu ba a hanya. Matan Larabawa makiyaya da ƙwaryar nono. Masu tallan kasuwa. Wata makauniya da aka jawo a kan jaki. Ko jandarman da ya zo tambaya, da ya gama sai ya cire hula ya zauna a wajen maza. Babu wanda ya san ko ɗaya daga mamatan. Wasu matan suna zuwa su riƙe hannuna su yi ta hawaye, daga baya na gane kowace da nata wanda ya bi hanya bai dawo ba, ɗa ko miji ko ƙane, ba gawa ba labari.

Kuma suna tambaya, yadda ake yi a gidan rasuwa. Wane irin hali gare ta? Ta bar baya? Da farko na ji kunya, don abin da na sani bai cika tafin hannu ba. Sai na faɗi shi haka nan. Na ce ba ta wasa da salla. Na ce tana da yara biyu, ɗaya nan, ɗaya nan, ina aunawa da hannu yadda ta auna. Na ce ta ba ni tsamiya. Na ce in ta yi barci a mota tana minshari kamar injin niƙa. Matan suka yi dariya suna share ido, wata ta ce, "Allah sarki, irin na Hajja Kaltume." Hajja ta ce, "Ke da mijinki ya ƙaura zaure saboda naki?" Kafin yamma na ji wata tana ba sabuwar zuwa labari, wai marigayiyar mai kyauta ce, mai son yara, gwanar kitso. Ta zama mutum a garin.

Ranar uku tun da safe turame suka ɗauka. Aka daka gumba, aka raba wa yara da manya, liman ya yi addu'a ga duka ukun. Da aka fara naɗe tabarmi, Hajja Kaltume ta zame mini ɗankwali ta ce, "Ba a tashi makoki da rabin kai." Tsofaffi uku suka taru a kaina, suna leƙa dama suna kwaikwaya a hagu, suna gardama. Wannan ta ce daga nan ta fara, waccan ta ce ke makauniya ce. Suka ja gashin har sai da na yi ƙwalla. Da aka ba ni madubi, na dama gidan dodon koɗi ne, na hagu kuwa kamar an taka shi. Hajja ta ce, "Iyakar iyawarmu ke nan. Ta yafe mana."

Ta ba ni koriyar butar. Ta tambaye ni ko har yanzu ana kaɗa miyar kuka da daddawa a ƙasar Kano, don kakanta har ya mutu yana zancenta. Na ce kullum. Ta ce, "To in kin koma, ki sha har da tawa."

Wani mai fataucin albasa ɗan garin ne ya mai da ni Injamena, ya sa ni a gaba kusa da matarsa, ina rufe ido a kowane gangare. Daga nan aka yi ta miƙa ni hannu zuwa hannu, Kusuri, Gamboru, Maiduguri. Inda aka tambayi takarda, wani ya ce ƙanwarsa ce, wani ya ce 'yarsa. Na bar ƙirga mutanen da suka ara mini dangantaka.

Na sauka a Shanono ranar kasuwa, na ƙi hawa babur, na taka da ƙafa ta cikin gonaki. Gero ya yi kai. Inna tana tankaɗe a tsakar gida da na yi sallama. Ta dube ni, ta dubi hannuna, babu jaka sai buta. Ba ta tambayi komai ba. Ta ajiye rariya ta ce, "Zo ki sha ruwa."

Na yi kwanaki ban iya ba da labarin ba. Ko an buga ƙofar langa-langa sai in zabura. Kitson kuwa ya tsufa, ya yi buzu-buzu, yana ƙaiƙayi, amma duk wadda ta ce a tsefe sai in rufe kai in shige ɗaki. Maƙwabta suka fara cewa ko iska ce ta taɓa ni a hanya. Wata rana da rana tsaka Inna tana gyaran wake, na zauna na faɗa mata duka, tun daga tsamiya har tabarmi. Na ce in aka tsefe, shi ke nan, babu sauran abin da hannunta ya taɓa a duniyar da na sani.

Inna ta yi ta tsince waken ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Yaushe arba'in ɗinta?"

Muka lissafa, ya faɗo Juma'a mai zuwa.

Ranar ta auni gero daga ɗan abin da ya rage mana kafin sabo ya shigo, ta jiƙa, ta aika a gaya wa mata. Baba ya je ya sanar da liman. Ta sa aka kira Ladi makitsiya, ta zaunar da ita ta ƙare wa ɓangaren dama kallo, tsaga bayan tsaga, kafin a taɓa shi. Sannan Inna da kanta ta tsefe, a hankali, tana yi ina kuka. Ladi ta wanke kan ta mayar da shi, dama da hagu. Bai kai na Yaya ba, amma ya fi na su Hajja. 'Yan mata biyu na leƙe har sun ce su ma shi za a yi musu.

Da la'asar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ƙarƙashin darbejiya. Inna ta ɗauko sabuwa ta shimfiɗa a gaba. Na hau na zauna. Sai na ji ta zauna kusa da ni, kafaɗarta a jikin tawa.

Mata suka fara shigowa, wasu ba su ma san takamaiman abin da ya tara mu ba. Goggo Abu, tsohuwar da ke can ƙarshen gari, ta iso tana dogara sanda tana haki. Ta durƙusa ta ce, "Ni fa gumba na ji ana daka na taho. Wa muka rasa ban ji ba?"

Na buɗe baki in fara bayani, Inna ta dafa gwiwata.

"'Yata ce, Goggo, babbar. A hanya ta rasu."

Goggo Abu ta ajiye sandarta ta ɗaga hannu.